Karena ya ciji yaron maƙwabci, bayan kwana 6 karen ya mutu: amsar likitan dabbobi

Wani bawan Allah daga Kaduna ya turo min tambaya mai tsawo, bari in taƙaita ta. Yace yana da kare Rotwaila namiji, shekararsa 4, suna kiransa Taiga, tun yana ɗan kwikwiyo ya siyo shi saboda ɓarayi da suka addabi layinsu. Da rana yana keji, da daddare a sake shi a tsakar gida. Rannan da sassafe aka bar get a buɗe, karen ya fice ya bi yara masu tafiya islamiyya, ya kama ɗaya a ƙafa. Ciwon bai yi zurfi sosai ba, aka kai yaron kemis aka wanke aka ɗaure. Unguwa ta ɗau zafi, ana ta cewa ai wannan mugun iri ne, ko ubangidansa wataran sai ya cinye shi. Bayan kwana 6 suka wayi gari karen ya mutu, bakinsa duk miyau. Shi dai yana zargin maƙwabta ne suka jefo wa karen guba. Allurar rigakafi kuwa tun ta shekarar farko ba a sake yi ba. Sai yake tambaya: da gaske irin ne mugu? Laifina ne? Ya zan yi da 'yata mai shekara 9 da ta ƙi cin abinci, ni kaina abin yana cina amma kunyar faɗa nake ji? Kuma in sake siyo wani?

Ɗan'uwa sannu, Allah ya ba ku haƙuri kai da iyalinka, duk zan zo kan tambayoyinka in sha Allah. Amma wallahi da na gama karanta saƙonka ba karen ne ya tsaya min a rai ba, yaron nan ne da aka ciza. Ka sake duba lissafin da kai da kanka ka bani: kare yayi cizo, bayan kwana 6 ya mutu yana zubar da miyau, kuma rabonsa da allurar haukan kare shekara 3. A aikinmu duk karen da ya ciji mutum killace shi ake a sa masa ido kwana 10, saboda in har ƙwayar cutar ta riga ta sauko cikin miyaunsa a ranar da yayi cizon, toh a cikin kwanakin nan zai nuna alama ko ya mutu. In ya wuce kwana 10 garau yana ci yana sha, sai hankalin kowa ya kwanta. Naka bai kai ba.

Ba cewa nayi haukan kare ne ya kashe shi ba fa, zarginka na guba zai iya zama gaskiya, mun sha gani. Irin magungunan feshin ƙwari da ake siyarwa a kasuwa in kare ya ci a nama, cikin 'yan awanni zaka ga miyau na zuba, jiki na karkarwa, amai da zawo, ƙwayar ido ta tsuke kamar tsinin allura, kafin gari ya waye ya mutu, alhali jiya da yamma lafiyarsa ƙalau. Shi kuwa haukan kare yakan ɗau 'yan kwanaki yana canza dabba, kuma abin da mutane da yawa basu sani ba shine kala biyu ne. Akwai wanda kowa ya sani, kare ya fusata yana cizon duk abin da ya gani har ƙarfe da dutse. Akwai kuma na shiru, kare ya lafe a lungu, muryar haushinsa ta canza, haɓa ta saki baki ya ƙi rufuwa, ya kasa haɗiye komai sai dalala, kai ka rantse ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, har maigida ya tura hannu zai ciro masa. Daga nan ƙafafun baya su mutu shikenan. Hanya ɗaya ce ake tabbatarwa, a gwada ƙwaƙwalwar karen a ɗakin gwaji, irin wanda ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos. Tunda kun riga kun binne shi kuma ga zafin garinmu, wannan ƙofar kusan ta rufe. In babu gwaji, ƙa'ida itace a ɗauka mafi muni ne ya faru a kare ran mutum.

Saboda haka dan Allah yau ɗin nan, ba gobe ba, ka je wajen mahaifin yaron ka faɗa masa gaskiya cewa karen ya mutu kuma allurarsa ta daɗe da wucewa, ku ɗauki yaron zuwa babban asibiti ku ce musu cizon kare ne kuma karen ya mutu cikin kwana 10. Za a fara masa allurar rigakafin haukan kare ta mutane, ana yi ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, sauran yadda likita ya tsara, kuma in sun ga yanayin ciwon ya buƙata akwai wata ta daban da ake yi a bakin ciwon kansa. Allurar tetanus da ake yi a kemis bata da alaƙa da wannan sam. Kar wani yace ai ciwon ya warke, cutar takan yi wata 2 zuwa 3 a ɓoye tana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci har shekara, muddin alama bata fito ba allura tana aiki, ranar da alama ta fito kuwa, yaro ya fara firgita da ruwa, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kai ma da duk wanda ya taɓa bakin karen ko miyaunsa ya taɓa masa ƙurji ko yanka a kwanakin ƙarshe, har wanda ya ɗauki gawar, ku faɗa wa likita. Kuɗin allurar yaron kuma a wuyanka yake, karenka ne kuma get ɗinka ne. Ga mai karatu kuma ya riƙe wannan: in kare ya ciji wani, abu na farko a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, kar a ɗaure da tsumma, kar a ƙona gashin kare a shafa, kar a sa toka ko man birki, daga nan sai asibiti.

Maganar maƙwabta, ina baka shawara ka haɗiye ta tukunna. Baka ga wanda ya jefo komai ba, babu gwaji a hannunka, kuma Bahaushe yace zato zunubi ko da ya zama gaskiya. In ma guba ce, tana iya zama ta ɓera da wani ya ajiye a cikin gidanka, ko maganin kaska da aka zuba masa ya wuce kima ya lashe, wannan na biyun na gani yafi a ƙirga. Sa wa dabba guba zalunci ne babba kuma haɗari ne ga yara da kaji da awakin unguwa gaba ɗaya, wannan ba ja. Amma uban da aka kawo masa ɗansa da jini a ƙafa shima yana da haƙƙi, kuma kai ne ya kamata ka fara taka ƙafa zuwa ƙofarsa, in da hali ka tafi da mai unguwa ko liman.

Yanzu ga tambayarka ta iri. Rotwaila asalinsa daga wani gari ne a kudancin Jamus mai suna Rottweil, karen mahauta ne, aikinsa koro shanu zuwa kasuwa da jan ɗan amalanken nama da tsare maigidansa a hanya. Alseshan da ake ta tsoro shi kuma a 1899 aka kafa irinsa a Jamus ɗin, don kiwon tumaki. Bobel karen gona ne daga Afirka ta Kudu. Kokeshiyan daga tsaunuka masu ƙanƙara ya fito yana kare garke daga kyarkeci. Kaga duk karnukan aiki ne, mutum ne ya zaɓo su ya haɗa su shekara da shekaru don su zauna kusa da shi da dabbobinsa. Karen da zai tashi haka kawai ya cinye ubangidansa ai mahauci bazai riƙe shi ba.

A 2022 an fitar da wani babban bincike a Amurka, aka tattara bayanan halayen karnuka sama da 18,000, aka gwada ƙwayoyin gado na sama da 2,000 a cikinsu, abin da aka samu shine iri yana bayyana kusan kashi 9 ne kacal cikin 100 na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Ƙasashe ma sun gwada yi wa iri kuɗin goro. Ingila tayi doka a 1991 ta haramta iri 4 har da Fitbul, Holan ta haramta Fitbul a 1993 sannan ta soke dokar a 2008 da aka ga cizon bai ragu ba. Amma bazan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba, domin duk wanda yace maka iri ba komai bane shima bai cika gaskiya ba. Ingila ɗin nan dai ta sake ƙara wani ƙaton iri a jerin haramcinta a ƙarshen 2023 bayan an yi asarar rayuka. Girma yana da tasiri. Ni a asibiti ƙananan karnukan nan masu gashi da ake ajiyewa a falo sun fi kai min cizo nesa ba kusa ba, amma cizonsu filasta ce, shi kuwa namijin Rotwaila yana kai kilo 50, in ya kama yaro ɗan shekara 7 maganar ɗinki ake ko abin da ya fi haka. Kuma jininsa na tsaro ne, baƙo sai ya auna shi tukunna. Don haka tsoron maƙwabtanka ba hauka bane, inda suka kuskure shine da suka ce mugunta a jininsa take. Babban kare amana ce babba, kuskuren da za a yi da ƙaramin kare a wuce, in aka yi da shi sai an kwana asibiti.

Toh ina matsalar take? Tana cikin jimla ɗaya da ka rubuta ko a jikinka: da rana yana keji, da daddare a sake shi. Nasan ba kai ka ƙirƙiro ba, haka kusan kowa yake yi daga Kano har Abuja, kuma masu siyar da karnukan ne suke koya wa mutane, su ce maka kar ka bari kowa ya ganshi, kar yara su taɓa shi, mutum ɗaya ne zai dinga bashi abinci, in ba haka ba zai lalace ya daina zafi. Wasu har barkono ko wiwi suke zuba masa a abinci, wasu su sa maigadi ya dinga dukan kejin da sanda wai yana koya masa faɗa. Wallahi duk sanda naji wannan raina ɓaci yake. Ɗan kwikwiyo yana da wani ɗan lokaci, daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ko 14, a cikinsa yake koyon meye duniya, duk abin da ya gani ya saba dashi a lokacin, yara, mata masu hijabi, mai babur, akuya, mai tallan ruwa, zai ɗauke shi abin yau da kullum har ya mutu, abin da bai gani ba kuma zai girma yana tsoronsa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuma sai a raba shi da uwarsa yana sati 4 ko 5 saboda mai siyarwa yana sauri, alhali bai kamata a raba su ba sai ya cika sati 8, a wajen uwa da 'yan'uwansa yake koyon cewa cizo da zafi, sannan a kawo shi a kulle a akwatin ƙarfe mai rufin kwano a bayan gida, awa 14 ko 16 kullum, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, dabbar da bata gumi sai ta haki da ɗan tafin ƙafa. Yaran da ya sani a rayuwarsa su ne masu leƙowa ta ƙasan get suna tsokanarsa, wani lokacin da jifa. Shekara 4 a haka. Ranar da ƙofa ta buɗe ya ga ƙananan halittu suna gudu suna ihu, me kake zaton zai yi? Abin da masu bincike suka daɗe suna gani a wuraren cizo masu muni kusan iri ɗaya ne: kare namiji da ba a fiɗiye ba, wanda yake rayuwa a ɗaure ko a keɓe ba ya cuɗanya da mutanen gida, ga ƙaramin yaro, babu babba a wajen.

Kuma abin takaicin, wannan kullewar ko tsaron bata ƙarawa. Karen da ya san mutanen gida da maƙwabta da masu shigowa kullum, shine yake gane baƙon ƙarfe 2 na dare ya tashi gida da haushi. Wanda aka mayar kowa abokin gabarsa haushi yake daga magariba har asuba, har ku daina tashi in yayi.

Kare ba kasafai yake cizo babu gargaɗi ba, mu ne bamu iya karantawa ba. Zai kau da kai, ya lashi leɓe, yayi hamma ba ta barci ba, ya nuna farin ido, jiki ya sandare, sannan yayi gurnani. In yayi gurnani aka zane shi, abin da ya koya shine ya daina gargaɗi, gobe sai dai aji cizo. Kaɗa jela ma ba kullum murna bace. Yara kuma a koya musu tun a gida da islamiyya: in kare ya taso kar a gudu, a tsaya cak a naɗe hannu a kau da ido, in ya kada kai ka dunƙule ka rufe wuya da fuska, kar a je kusa da kare yana cin abinci ko yana barci ko karya mai 'ya'ya, kuma a daina jifa.

Akwai wani son zuciyar iri da muke yi wanda ba a magana a kai, kuma a ganina yafi wancan kashe mutane. Shine raina karen gida. Mutum zai kashe maƙudan kuɗi akan ɗan kwikwiyon waje, amma namu na gida ja ko fari mai tsayayyen kunne sai a ce karen bola, ba allura ba abinci ba mai shi sai ranar da aka buge shi da mota. Alhali yawancin haukan karen da ke kama mutane a ƙasar nan daga irin waɗannan masu yawo ba rigakafi yake fitowa, kuma ba laifinsu bane. An tabbatar in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar takan yanke a wajen, shi yasa duk 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da ita a duniya, jihohi da dama sukan yi allurar kyauta a lokacin. Karen namu kuwa yafi jure zafi, yafi jure kaska da cututtukan da take kawowa, cinsa kaɗan, kunnensa kamar me. Ka tambayi mafarauta yadda suke ji da nasu, ko Bafulatani a ruga. Dogon karen nan siriri na Buzaye da ke yankin Azawak tsakanin Nijar da Mali, yau Turawa kiwonsa suke suna shiga gasa dashi, a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi a jerin irin da ta amince dasu. Mu muna nan muna siyo mai gashin ƙanƙara muna kawo shi Sakkwato yana haki.

Ka tambaya ko laifinka ne. Bazan maka daɗin baki ba tunda gaskiya ka nema: rashin sabunta allura, da kullewar, da get, waɗannan naka ne. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya sani ya take da wanda aka koya masa ba daidai ba ya bi da zuciya ɗaya. Mutumin da bai damu da dabbarsa ba bazai zauna ya rubuto min wannan dogon saƙon ba. Ka ɗauki naka ka gyara, sauran ka bar wa Allah.

Damuwar da kake ji kuma, dan Allah ka daina jin kunyarta. Shekara 4 kana fitowa sallar asuba shine farkon mai tarbarka, in ka dawo aiki tun daga kwanar layi ya gane ƙarar motarka, kana barci da nutsuwa saboda kasan yana waje. Hausawa suka ce sabo ake wa kuka. Na ga dattijon Bafulatani yana share hawaye akan saniya, na ga mai doki ya kwana 3 ba ya shiga mutane, ba wanda yace musu komai, amma in kare ne sai a ce haba Malam kare ne fa. Zaka yi kwanaki kana jin kamar motsinsa a bayan gida, zaka rage tuwo ka tuna babu mai ci, zaka dinga maimaita ranar a kai kana da na sani, duk wannan ba wani abu bane, yana raguwa a hankali. Ka samu mutum ɗaya da zai saurare ka ba dariya, ko uwargida ko aboki, ba dole sai majalisa ta sani ba. In kuma ka ga sati da sati barci ya ƙi, abinci ya ƙi, aiki ya tsaya, ka ga likita, wani lokacin mutuwar dabba takan tono wani tsohon rashi ne da mutum bai gama kukansa ba.

Ta fuskar addini ma naga kamar akwai abin da ke sukarka. Fatawa ta malamai ce, amma akwai abin da kowa ya ji a karatun zaure. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da gona, malamai da yawa suka haɗa da tsaron gida in akwai buƙata, har ana kawo labarin mai Risala, Ibn Abi Zaid, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka yi masa magana yace da Imamu Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Ga kuma hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi Allah ya gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle bata ciyar da ita ba bata sake ta ba. Tausayin da kake ji ba baƙon abu bane a addininka.

'Yarka kuwa, kar a ce mata ya gudu ko an kai shi ƙauye, yaro ɗan shekara 9 ya san ƙarya, kuma zata yi ta jiran dawowarsa. Kar kuma a zauna gabanta ana cewa su wane ne suka kashe shi, gobe da yaran nan zata tafi makaranta. Ka zaunar da ita ka ce mata Taiga ya mutu, ba zai dawo ba, kuma kai ma kana kewarsa, wannan kalmar ta ƙarshe tafi komai yi mata amfani. Ka tambaye ta ko akwai abin da take ganin ita ta jawo, sau da yawa yara suna ɓoye irin wannan, wataƙila ma ita ta bar get ɗin tana ta cin kanta a ɓoye, in haka ne ka cire mata wannan kayan, kula da ƙofa aikin manya ne. A bar ta tayi kuka, a bar mata hotonsa a waya in tana so, a dinga bata abin da take marmari kaɗan kaɗan, yawanci cikin 'yan kwanaki ci yake dawowa, in ya wuce haka ko ta fara zazzaɓi a kai ta asibiti, kuma ka tambaye ta a hankali ko karen ya taɓa lasar mata ciwo ko ya yaƙushe ta a satin ƙarshe. Ka ba ta labarin ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, da yake da ɗan tsuntsu yana wasa dashi, tsuntsun ya mutu yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah (SAW) da kansa ya kula ya tambaye shi, ya Aba Umair me ya sami ɗan tsuntsun nan? Bai ce masa tsuntsu ne fa ba.

Sake siyo wani kuwa, ba yanzu ba. Ka bari yaron ya gama allurarsa, unguwa ta huce, gida ya huce, ko wata 3 ne ko 6. Wanda ya yi saurin maye gurbi yakan ƙare yana auna sabon da tsohon yana jin haushinsa. In lokacin yayi ka tambayi kanka ko kana da minti 30 zuwa awa ɗaya kullum na fita dashi da igiya da koya masa zauna, zo, bari, kai da kanka ba maigadi ba. In babu, ƙara tsayin katanga da fitila mai sola sun fi maka alheri. In akwai, ka je ka ga uwar da idonka, in ita kanta ba a iya matsarta ka juya, kar ka karɓa ƙasa da sati 8, kuma karka raina na gida ko ruwa biyu. Allurar haɗin nan mai kare su daga fabo, cutar da ke sa 'yan kwikwiyo amai da zawon jini, ana farawa daga sati 6 zuwa 8 a maimaita, ta haukan kare a wata 3 sannan duk shekara, a rubuta a kati ka adana shi kamar katin rigakafin yaranka, ga maganin tsutsar ciki da na kaska a hannun ma'aikacin dabbobi, ba na feshin gona ba. Kar a bashi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane, kar a bashi abinci mai albasa da yawa ko dafaffen ƙashin kaza. Ka yi shawara da likita akan fiɗiya. Inuwa ta gaske da ruwa kullum, keji ya zama ɗakin kwana ba kurkuku ba, sannan a yi ƙaramar ƙofa ta biyu tsakanin inda yake da get ɗin waje, yadda ko an manta ɗaya ɗayar zata tare. Asibitin dabbobi na gwamnati yana nan a cikin Kaduna, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kusa da kai. Satin farko da ka kawo shi, ka ɗauke shi a hannu ka zaga dashi gidajen layinku, yara su ganshi yana ƙarami shima ya gansu, ka nuna wa iyayensu katin allurar.

Tsohon kejin da kwanukan a wanke su da ruwan bilic da safar hannu, a shanya a rana. In kun dawo daga asibiti da yaron ka rubuto min abin da suka ce da ranar da aka fara allurar, sannan ka tuna min yadda Taiga ya kasance a kwana 3 na ƙarshe, ko ya ci abinci, ko muryarsa ta canza.